Ranar da Ɗan Kuba Ya Girgiza Kai

Nafisa ce ta jawo wannan babin. Ta dawo daga wani suna a dangin mijinta idonta jajir, ta same ni a tsakar gida ina yanke farce, ta tsaya a kaina.

"Baba, wai da gaske ne ka taɓa ƙona gawar mutum a Chana?"

Na ce ta zauna tukuna, ta ƙi. Ashe wata gwaggon mijinta ce ta jefa mata maganar a gaban mata ana tsakiyar rabon waina. Na san maganar tana yawo tun kafin mu kwaso kayanmu daga Guangzhou mu dawo Kano, na kuma san kai ma Sadiku ka ji ta, ka haɗiye saboda kunyata. To bari in faɗa muku da bakina tun ina da bakin. Ban kunna wa kowa wuta ba. Amma an ƙona mutum ina tsaye a waje, kuma da na furta magana ɗaya tak da ba a ƙona shi ba. Mutumin abokina ne. Sunansa Ansalmo, mu kuma Ɗan Kuba muke ce masa.

Kuna ƙanana a lokacin, kuna wajen kakarku kuna makaranta, ni da mahaifiyarku muna can. Ofishina ɗan ɗaki ne a unguwar Liwan, inda nake tattara dilolin tufafin da 'yan kasuwa suka sayo a kasuwar Baima in cusa a kwantena zuwa Legas da Tema da Kwatano. Wannan shi ke ciyar da mu. Akwai aiki na biyu da ba a biyana, kuma shi na fi alfahari da shi. Duk Bahaushen da ajali ya riska a garin, ɗan Kano ne ko ɗan Damagaram ko ɗan zangon Kumasi, ni ake kira in yi masa wanka, in sa masa likkafani, in bi sawunsa har maƙabartar Musulmi. A wajen mahaifina na koya. A ƙasar da al'adarsu ita ce ƙona mamaci, kun san nauyin wannan aiki a wajenmu. Babu abin da ɗan kasuwarmu ke tsoro a Chana, har da masu duba biza, kamar ya mutu ba wanda zai tsaya masa, a kai shi wuta.

Wata rana da azahar wani dogon baƙin mutum ya shigo ofis rungume da kwali. Na dube shi na yanke cewa Bazabarme ne, na zuba masa gaisuwa da Hausa har da tambayar gajiya. Ya tsaya yana kallona. Sai ya ajiye kwalin ya ce, da wani Turanci da sai ka kasa kunne sosai, takalma ne da riguna zai aika wa 'yarsa a Kuba.

"Kuba meyo," na ce masa, da kalmar da 'yan Chana ke sallamar mai saye in ba su da kaya. "Tema akwai, Legas akwai. Kuba babu."

"Kowa haka yake ce mini," in ji shi, ya sunkuya zai ɗauki kwalinsa.

Daidai nan na buɗe kwanon da mahaifiyarku ta aiko mini. Garau-garau ne da mai da yaji. Mutumin ya kai bakin ƙofa ya tsaya cak, ya juyo yana kallon kwanon kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a tasha. Na ce bismillah. Ya zauna a kan dilar wanduna, ya kai cokali ɗaya baki, sai ga hawaye a fuskar ƙaton mutum. Ya ce shinkafa da wake abincin mamarsa ne, a ƙasarsu haka ake dafa su tare, kuma rabonsa da ɗanɗanon nan har ya manta. Daga ranar ba mu rabu ba. Da Turancinsa da nawa da gutsuttsuren Sinanci muke hira, ni nake mayar muku da ita Hausa a nan.

Ya zama ɗan gida. Duk Juma'a mahaifiyarku sai ta ƙara wake saboda shi. Abu ɗaya ya dame ta: bahago ne, kuma da hagun yake cin abinci. Ta yi haƙuri ta yi haƙuri, wata rana ta kasa.

"Malam Ansalmo, hannun hagu fa ba na cin abinci ba ne."

"Hajiya," in ji shi, "hannun nan shi ya ciyar da ni tun ina yaro. Yau kuma shi za a hana ci?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta ƙara yi masa maganar ba.

Da hannun nan ya yi suna a wasan besbol. Ku da kuka tashi da ƙwallon ƙafa, bari in gwada muku. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan ɗan tudu ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar goriba, wani ya tsaya da kulki yana neman dukanta, na uku ya tsuguna a bayan mai kulkin yana cafkewa da wata ƙatuwar safar hannu ta fata. Ansalmo mai jifa ne. An haife shi a wani ƙaramin gari a gabashin ƙasarsu inda ba a noman komai sai rake, ubansa ma saran rake yake yi. Jifan mangwaro yake yi da dutse wani malamin wasanni ya gan shi, aka ɗauke shi makarantar 'yan wasa. Ya yi wa ƙungiyar lardinsu jifa shekara da shekaru, ana kiran sunansa a rediyo, yara na bin sa a titi, amma a kan keke yake zuwa fili, rufin ɗakin uwarsa na yoyo. Da aka sa shi cikin 'yan wasan ƙasa aka fita da su gasa waje, wani dillalin 'yan wasa ya raɗa masa cewa hannun nan zai gina wa tsohuwa gidan bene. Ya fice ta ƙofar bayan otal da rigar da ke jikinsa. Ya bar mata da jaririya mai suna Yamila, yana ganin baɗi war haka ya aiko an ɗauko su.

A ƙasarsu a wancan zamani, wanda ya yi haka ya rufe wa kansa ƙofa. Aka sauke hotonsa daga bangon filin wasan garinsu, rediyo ya manta da sunansa. Babbar gasar Amurka da aka yi masa alkawari kuwa ko ƙofarta bai gani ba. Ya yi wasa a Meziko, ya yi a Taiwan, ana biyansa yana aikawa gida. Sai wata rana yana tsakiyar jifa ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa, ya ce kamar igiyar guga. Aka yi masa tiyata, hannun ya warke a lanƙwashe, ƙarfin bai dawo ba, dillalin ya daina ɗaga waya. Ubansa ya rasu, uwarsa ta bi, duka ta waya ya ji. Matar ta gaji da jira ta yi aure, kuma bai taɓa zaginta a gabana ba. Haka ya yi ta gangarowa har wata 'yar Chana, Madam Lin, mai makarantar koya wa 'ya'yan masu hali besbol a unguwar Tianhe, ta ɗauke shi aiki. Daga baya an sassauta a ƙasarsu, irinsu suna iya neman izinin ziyara. Na sha ce masa ya je ya ga 'yarsa. Sai ya ɗaga lanƙwasasshen hannun ya ce ya je ya nuna musu me? Kullum maganarsa baɗi.

Mai jifa ba mai cafkewa kamar mawaƙi ne ba 'yan amshi. Shi ya sa ya lallaɓe ni na riƙa zuwa Tianhe ran Lahadi da safe kafin yara su iso. Ku yi tunanin ubanku, da tumbinsa, ya naɗe ƙafar wando ya tsuguna a ƙasa da safar fata. Ko da hannun ya lalace, ƙwallon farko da ya wurgo mini sai da na yi salati. Tafin hannuna ya kwana a kumbure, mahaifiyarku tana gasa mini tana cewa Allah ya ƙara, alhaji guda da wasan yara. Amma Lahadi na zagayowa na koma.

Akwai wata ƙa'ida a tsakanin mai jifa da mai cafkewa, kuma ita nake so ku riƙe. Mai cafkewa ne ke zaɓar irin jifan da za a yi, ta hanyar nuna yatsu a tsakanin cinyoyinsa: miƙaƙƙiya mai gudu, ko mai lanƙwasa, ko mai zuwa a hankali ta yaudari mai kulki. In mai jifa ya yarda sai ya gyaɗa kai. In bai yarda ba sai ya girgiza, kai kuma dole ka sake masa wata. Ansalmo kuwa sai ya girgiza mini kai ya sake girgizawa har gwiwoyina su fara ciwo.

"Wai kai wane irin mutum ne?" na ce masa ran nan. "Duk abin da na nuna sai ka girgiza kai kamar ɗan kasuwar Baima da aka yi wa tayin wulaƙanci?"

Ya sauko daga tudun yana murza ƙwallon a hannu.

"Kabiru, tun ina yaro ake gaya mini inda zan kwana da abin da zan ci. Malamin wasa ya gaya mini, dillali ya gaya mini, likita ya gaya mini. A kan tudun nan kaɗai nake cewa a'a, kuma duk filin ya tsaya ya jira ni. Bar ni in more."

Mutanenmu sun so shi. In azumi ya zo yakan zo shan ruwa, wani lokaci ma ya wuni bai ci ba don kada mu ji kunyarsa. Ya iya alhamdu lillahi da in sha Allahu, ya fi wasu 'yan kasuwar Kwari faɗinsu a inda ya dace. Alhaji Mumuni, dattijon 'yan zangon Kumasi kuma shugaban jama'armu, ya raɗa masa suna Malam Salmanu. Ni kaina na kira shi zuwa Musulunci ba sau ɗaya ba, don ina son sa kuma ina tsoro a kansa. Sai ya taɓa wata 'yar sarƙa da uwarsa ta rataya masa a wuya ya ce tsohuwa tana jiran sa a wata ƙofa daban, ba zai bar ta tana jira ba karo na biyu.

Wata Lahadi mun gama muna zaune a gefen fili, na ba shi labarin wani ɗan Maraɗi da muka binne a makon. Sai ya ce:

"Ni in na mutu ku bari su ƙona ni."

"A'uzu billahi! Tofar da yawun."

"Da gaske nake. Gawa ba za ta kai Kuba ba, ka fi ni sanin wahalar aika kaya. Toka za ta kai. Ka aika wa Yamila, ta zuba a kan tudun jifa na garinmu. Sun sauke hotona daga bango, tudun yana nan."

Na zage shi da wasa, na ce sai ya riga ya binne ni. Ya yi dariya muka tashi. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, amma ban manta ta ba.

A shekarar da ake zancenta, da zafi, ya faɗi a kan tudun nan yana koyarwa. Madam Lin ta kira ni daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hagun da ya cinye masa rayuwa shi kaɗai ya rage yana motsi. Amma hankalinsa na nan. In na shigo idonsa ya bi ni, in na yi masa ba'a rabin bakinsa ya yi murmushi. Mahaifiyarku tana dama masa kunu tana aikowa, ko da yake ta hanci ake ba shi abinci.

Likita ya gaya wa Madam Lin cewa ana jin tsoron bugun ciwon na biyu, kuma in ya zo ba zai tashi ba. Washegari da hantsi na je ni kaɗai. Na jawo labule, na tsuguna a ƙarshen gadon inda zai gan ni sosai, kamar yadda nake tsuguna masa a fili. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce masa Ansalmo, ba ni da tabbacin za ka tashi. Na ce ka san abin da nake so maka. Ba sai ka furta ba, ni zan faɗi kalmar shahada, kai ka gyaɗa kai kawai, in yi maka wanka da hannuna, in kwantar da kai a cikin 'yan'uwa. Ina faɗa ina kuka, ba na jin kunyar gaya muku.

Ya dube ni ya daɗe. Babu fushi a idonsa, tausayina ma na gani. Sannan ya girgiza kai a hankali, dama da hagu, irin girgizawar da na sani.

Na jira, na sake tambaya da wasu kalmomin, ko bai fahimta ba. Ya sake girgizawa. To na san ƙa'ida, dole in sake masa wata.

"Gida? Wajen Yamila? Kan tudun?"

Ya gyaɗa kai. Ya ɗago hannun hagu ya kama yatsuna ya matse, ƙarfin da ke ciki ya ba ni mamaki. Kafin Juma'a ta zagayo ya cika.

Bayan la'asar jama'a suka taru a shagon Alhaji Mumuni. Ina so ku fahimci wani abu: ba mugaye ba ne, kuma ba neman suna suke ba. Ƙauna ce ta tara su. Sun riga sun fara haɗa abin likkafani. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya da zai tsaya gaban limamin masallaci ya ce ya shaida mamacin ya musulunta, sai a karɓe shi a maƙabarta. Kuma kowa ya san ni ne na ƙarshe da na zauna da shi.

"Alaji Kabiru," in ji Alhaji Mumuni da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji, "mutumin nan namu ne. Ya sha ruwa da mu, ya yi azumi da mu. Ko matarka ya san haka. Ka je ka ce ya karɓa, shi ke nan."

"Alhaji, na tambaye shi. Ya girgiza kai."

"Wa ya gani?"

"Ni."

"To kai kaɗai. Mutum ba shi magana, jiki ya mutu, kai na rawa. Ka san abin da ke cikin zuciyarsa? Allah kaɗai ya sani. Mu dai mu rufe shi, mu bar sauran ga Allah."

Wallahi maganar ta shige ni. Na so ta zama gaskiya fiye da yadda shi ya so. Amma na yi shekaru ina tsugune gaban mutumin nan, na san bambancin rawar kai da a'a. Na ce musu ba zan yi shaidar abin da ban gani ba, kuma ba zan ƙwace wa mamaci abu ɗaya da ya ce nasa ne a duniya ba. Na gaya musu Yamila ta yi magana da Madam Lin ta bakin tafinta, ta ce ba ta da halin zuwa Chana ko yau ko gobe, a kawo mata ubanta ko yaya ne. In muka binne shi a nan, har abada ba za ta tsaya a kansa ba. Wani ɗan Kano da na yi wa ƙaninsa wanka ya tashi ya ce ashe abota da arne ta fi mini tsoron Allah. Alhaji Mumuni ya tsawata masa, amma shi ma bai ƙara duban inda nake ba.

Wanda ya fi zafi na same shi a gida. Labari ya riga ni isa. Mahaifiyarku tana zaune a bakin gado, ko abinci ba ta ɗora ba.

"Alhaji, me zai rage ka? Magana ɗaya ce."

"Ƙarya ce, Binta."

"To ka yi ƙaryar, ka nemi gafara daga baya. Allah mai gafara ne. Amma wuta fa, Alhaji. Mutumin da na dafa wa abinci da hannuna. Wuta!"

"Shi ya zaɓa."

"Bai san abin da yake zaɓa ba! Kai da ka sani sai ka bi masa?"

Na ce mata ya girgiza kai, na gani. Ta juya mini baya ta rufe fuska da mayafi.

Ranar da za a yi abin, ni da Madam Lin kaɗai muka je. Na roƙi ma'aikatan su ba ni ɗan lokaci da shi, suka yi mini kirki suka ba ni. Ba wankan Musulmi na yi masa ba, ban yi masa salla ba, ku gaya wa duk mai tambaya. Na dai goge masa jiki da ruwan ɗumi, don ban iya barin abokina ya tafi da ƙurar asibiti ba. Na sa masa rigar wasansa ta lardinsu da muka samu a ƙasan akwatinsa, ta koɗe, ta yi masa yawa. Na gyara masa sarƙar uwarsa. Na yi ƙoƙarin miƙe hannun hagu a gefensa kamar yadda na saba yi wa mamata, ya ƙi miƙewa, na bar shi a kan ƙirjinsa da tabon tiyatar a waje. Da suka tura shi ciki na fita harabar na tsaya a rana. Ban san addu'ar da ta halatta in yi ba, sai na yi ta cewa ya Allah ka gani, ya Allah ka gani.

Suka miƙo mini shi a cikin wani ɗan tulu, a naɗe da jan ƙyalle. Na shiga jirgin ƙasa da shi a kan cinyata, cikin 'yan makaranta da masu danna waya. Tulun da sauran ɗumi. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishina, ga shi bai kai nauyin kwanon abinci ba. Mahaifiyarku ta ce ba zai shiga mata gida ba, ban yi mata musu ba. A ofis ya zauna, a saman kabad, kusa da inda ya fara ajiye kwalinsa, har Madam Lin ta gama bin izini, aka samu wata 'yar ƙasarsu mai komawa gida ta yarda ta tafi da shi. Ni da na ce masa Kuba babu, ni na raka shi filin jirgi.

Ba da daɗewa ba wani yaro ɗan Gumel ya rasu a garin. A bakin wani na ji, bayan an dawo daga maƙabarta. Ba wanda ya zo ya ce an sauke ni, kira ne dai aka daina. Wasu masu kaya suka koma wajen wani, wannan bai dame ni ba. Amma in na ji an yi rasuwa, sai in ga hannuwana a kan tebur ba su da aikin yi, aikin da mahaifina ya danƙa mini. Na ci gaba da zuwa jana'iza ina tsayawa a sahun baya. Alhaji Mumuni yana amsa gaisuwata har ya koma Kumasi, amma bai ƙara kirana shagonsa shan shayi ba, kuma na yi kewar dattijon ƙwarai. Har muka bar Guangzhou ban ƙara wanke kowa ba.

Bayan wasu watanni Yamila ta turo wa Madam Lin hoto mai motsi, ita kuma ta turo mini. Fili ne mai ciyawa, katangarsa ta zube ta gefe ɗaya, wani doki yana kiwo can nesa. Babu taro, 'yan tsofaffi ne a tsaye riƙe da hulunansu. Yamila doguwa ce kamar ubanta, da tafiyarsa sak. Ta hau tudun ta durƙusa ta zazzage tulun, ta shafa ƙasar da tafin hannu. Can gabanta wani tsoho mai furfura ya tsuguna da ƙyar, wani na riƙe da kafaɗarsa, ya buɗe wata tsohuwar safar fata yana jira. An ce shi ne mai cafke masa na farko. Na kalla a ofis na rufe ƙofa. Da na kai gida na miƙa wa mahaifiyarku wayar, ta kalla har ƙarshe, ta goge ido, ta miƙo mini.

Kun sha tambaya me ya sa ba a dafa garau-garau a gidan nan, sai dai ku sayo a bakin layi. Yanzu kun sani. Ba ta ƙara ɗora ta ba tun daga ranar, ni kuma ban taɓa roƙonta ba. Na karanta mata babin nan kafin in ba ku. Ta ce in rubuta cewa har yanzu ba ta yarda da abin da na yi ba, kuma har yanzu tana mafarkin wutar. Na rubuta. Ni ma akwai ranakun da nake idar da salla in zauna ina tunanin inda abokina yake, kuma ba na samun sauƙi.

Saboda haka Nafisa, in gwaggon nan ta sake tambayarki, kada ki yi musu, kada kuma ki yi kuka. Ki ce eh, Baba yana wurin. Ki ce an tambayi mutumin ya ce a'a, Baba kuma ya ƙi cewa ya ce i.

Ni kuma ga abin da nake roƙonku. Hawan jinin da ya kayar da Ansalmo ni ma ina shan maganinsa. In ranata ta zo bakina ya rufe, kada ku tsaya a kaina kuna yanke mini shawara da likita kamar ba na nan. Ɗayanku ya tsuguna a ƙarshen gadon inda zan gan shi. Ku tambaye ni, ku dubi kaina, ku jira.